Idan Aure Ya Mutu, Wa Ke Yi Masa Sutura?

Gabatarwa

Bahaushe ba ya raɗa wa abu suna a banza. Idan miji da mata suka rabu, ba ya cewa aure ya ƙare kamar yadda hatsi ke ƙarewa a rumbu, ba ya kuma cewa ya watse kamar kasuwa da almuru. Cewa yake yi aure ya mutu. Wanda ya fara zaɓen wannan kalma ya san abin da yake nufi, domin mutuwa ba ta aukuwa sai a kan mai rai. Ashe ke nan, a tunanin magabatanmu, aure wani abu ne mai rai. Ana haihuwarsa ranar da aka shafa fatiha, yana girma, yana rashin lafiya a yi masa magani ya warke, wata rana kuma ciwon ya fi ƙarfinsa ya cika.

To, amma ga abin mamaki. Duk mamacin da muka sani yana da haƙƙi a kan rayayyu. Akan yi masa wanka, a sa shi cikin likkafani, a sallace shi, a kai shi makwancinsa. Akan yi zaman makoki, a yi wa iyalinsa ta'aziyya, a biya bashin da ya bari, a raba gadonsa bisa ƙa'ida, a kuma dubi marayunsa da idon rahama. Aure ne kaɗai mamacin da ake barin gawarsa a tsakar gida kowa ya kama gabansa. Jama'ar da ta cika ƙofar gida ranar ɗaurinsa, ta ci goro da alawa, ba a ganin ko mutum ɗaya daga cikinta ranar da ya mutu.

Malamai da marubuta sun yi bayani mai yawa a kan dalilan mutuwar aure da hanyoyin rigakafinta, kuma sun kyauta. Tambayar da wannan ɗan rubutu yake son ya ɗora a gaban mai karatu ta bayan aukuwar abin ce: idan aure ya riga ya mutu, me ya rage a wuyan miji, me ya rage a wuyan mata, me kuma ya rage a wuyan sauran jama'a?

Yaron Da Ke Goge Baki

A unguwar da na tashi akwai wani yaro sa'ana, wanda iyayensa suka rabu yana da shekara biyar ko shida. Uban ya riƙe shi. Uwar kuwa, bayan ta gama idda, ta yi wani aure a cikin unguwar, tafiyar da ba ta fi ta minti goma ba. Uban ya rantse cewa duk ranar da ya ji ɗansa ya taka ƙofar wannan gida sai ya karya masa ƙafa. Saboda haka idan an tashe mu daga makarantar allo da yamma, sai mu ratso ta lungun, ya laɓe a zauren maƙwabta, uwar ta aiko wata 'yar yarinya da ɗan kwano a rufe, wata rana ɗanwake, wata rana dambu. A tsaye yake ci, hannu baka hannu ƙwarya, yana waiwaye. Ni kuma yakan ba ni loma biyu ko uku a matsayin toshiyar baki. In ya gama sai ya ɗebi ƙasa ya murje hannunsa, ya tsinki ganye ya goge leɓɓansa, sa'an nan ya juyo ya ce da ni, "Duba mini, akwai maiƙo?"

Bayan shekaru masu yawa muka haɗu da shi a Legas, ya zama magidanci mai sana'arsa. Muna cikin hirar ƙuruciya sai na tuna masa da zancen ganyen nan, ina zaton za mu yi dariya. Bai yi dariya ba. Ya yi shiru, can ya ce, "Ka san wani abu? Wallahi ban taɓa jin haushin rabuwarsu ba, domin ina tune da irin faɗan da suke yi. Abin da na kasa mantawa shi ne, abincin mahaifiyata sai da na riƙa cin sa a ɓoye kamar ɓarawo."

Wannan magana ita ce tushen duk abin da zan faɗa. Mutumin nan ya raba abubuwa biyu da muka saba haɗawa, wato mutuwar auren, da kuma abin da rayayyu suka aikata bayan mutuwar. Na farkon ya yafe shi tuntuni. Na biyun ne ya bi shi har cikin furfura.

Laifin Saki Ne Ko Na Masu Saki?

Babu mai musun cewa haƙuri shi ne ginshiƙin zaman aure. Masu iya magana sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma harshe da haƙori ma sukan saɓa alhali a baki ɗaya suke kwana. Aure da yawa da suka mutu, da an ƙara haƙurin kwana bakwai da sun rayu. Sai dai shi ma haƙuri yana da iyaka. Gidan da duka ya zama abincin safe, ko yunwa da wulaƙanci suka zama abokan zama, wanda ya ce da mace ta ci gaba da haƙuri a cikinsa har abada ya ɗora mata nauyin da shi kansa ba zai iya ɗauka ba. Shi ya sa shari'a ba ta toshe ƙofa ba. Ta ba miji saki, ta ba mace hul'i, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi kuma ta ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa, ko rashin ciyarwa, ko doguwar ɓacewar miji.

Rabuwar aure ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Baba ta Karo, dattijuwar nan da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, aure huɗu ta yi, kuma labarinta cike yake da matan da suka fita daga wannan gida suka shiga wancan. Ita kanta ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta rene su. A zamaninta gida babba ne, akwai kaka, akwai goggo, akwai inna, yaron da uwarsa ta fita ba ya rasa cinyar da zai hau. Yau kuwa da yawanmu a ɗaki ɗaya ko biyu na haya muke zaune, nesa da dangi. Bangon da yaro ke jingina da shi a da ya rushe, saki kuwa yana nan yadda yake.

Binciken masana ma ya zo daidai da maganar abokina. Wata farfesar nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Mavis Hetherington, ta shafe kusan shekara 30 tana bin diddigin iyalai wajen 1,400, ta kuma fitar da sakamakon a 2002. Ta gano cewa kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na yaran da iyayensu suka rabu sun girma sun zama mutanen kansu ba tare da wata babbar matsala ba. Sauran kashi 20 zuwa 25 sun sha wahala ƙwarai, alhali a gidajen da ba a rabu ba masu irin wannan wahala kimanin kashi 10 ne. Kafin nan, a 1997, Paul Amato da Alan Booth sun nuna cewa yaran da suka tashi a gidan da ake faɗa dare da rana sukan sami sauƙi idan iyayen sun rabu, amma waɗanda gidansu ba shi da wani tashin hankali a fili, rabuwar takan girgiza su sosai. Ƙasarsu daban, al'adarsu daban, amma zuciyar yaro ɗaya ce ko'ina. Darasin da ke ciki guda biyu ne. Saki yana da haɗari na gaske, don haka ba abin wasa ba ne. Amma yawancin ɓarnar da ake jingina masa, hannun mutane ne ke yin ta, kuma abin da hannu ke yi hannu na iya barinsa.

Rabon Manya

Mu fara da mace, domin ita ake miƙa wa takarda. Sau da yawa a cikin fushi ake rubuta ta, wani lokaci da tsakar dare, a haɗa da cewa, "Tafi gidanku." Kowane ɗalibin islamiyya ya san cewa ayar farko ta Suratu Ɗalaƙ ta hana fitar da mace daga ɗakinta a lokacin idda, ta kuma hana ta fita. Iddar nan tsarki uku ce ga mai haila, wata uku ga wadda ba ta yi, mai ciki kuwa sai ta haihu. Hikimarta a fili take: a tabbatar ko akwai ciki, zukata su huce, ƙofar kome ta zauna a buɗe. Mu kuwa mun juya abin. Miji yana ganin zamanta ƙarin nauyi ne, iyayenta suna ganin abin kunya ne a ce an saki 'yarsu ta kwana a gidan, ita ma zuciya ba za ta bar ta ba. Kafin gari ya waye an kira mota an kwashe kayan ɗaki, maƙwabta suna leƙe. Auren da yake kwance yana numfashi, ta haka ake ƙarasa shi.

Ta koma gidan iyaye ta tarar ɗakin da ta bari an ba wani. Makon farko ana lallashinta, wata na biyu a fara ƙirga lomarta. Gadon da aka kai ta da shi da kwanukan da uwarta ta tara shekara da shekaru, a fara sayar da su ɗaya bayan ɗaya don sabulu da magani. Ga kuma sunan bazawara, wanda ke sa matan aure su riƙa kaffa-kaffa da ita, wasu maza kuma su ɗauka ƙofa ce marar sakata. Da matsin ya yi yawa sai ta amsa wa wanda ya fara sallama, ba don ta san halinsa ba, sai don ta sami inda za ta sa haƙarƙarinta. Irin wannan aure shi ne kan mutu kafin shekara ta zagayo, sa'an nan a ce ita ce ba ta iya zama.

Namiji fa? An ɗauka shi ba ya jin komai, tun da shi ya yi sakin. Wannan kuskure ne. Al'ada ta hana shi kuka, ta hana shi cewa ya yi nadama, sai ya je majalisa yana cika baki, ya dawo ya tarar da ɗaki shiru, murhu a sanyaye. Wani ya yi auren huce haushi, ya jawo 'yar mutane cikin rigimar da ba ta san farkonta ba. Wani kuma, wanda ya tsinke igiya uku a numfashi ɗaya, ya shiga yawon gidajen malamai yana neman wanda zai ce masa ɗaya ce, har abin ya kai shi ga auren kisan wuta, wanda addini ya la'anta, mutunci ma ya ƙi. A 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, sun jera al'amuran da suka fi jijjiga rayuwar mutum. Mutuwar abokin aure suka ba maki 100, saki ya biyo baya da 73. Sun auna da alƙalami abin da Bahaushe ya riga ya faɗa da kalma ɗaya.

Idan kuwa mutuwa ce, to wanda aka yi wa rashi yana bukatar lokacin baƙin ciki. Bai kamata a ce da shi, ko da ita, "Share hawayenka, mata sun ƙare ne?" ko "Ke dai Allah ya raba ki da wahala" ba. Shekarun da aka yi tare ba su zama banza don ƙarshensu ya yi ɗaci. Wanda bai zauna ya yi jimamin aurensa ba, ya kuma tambayi kansa ina nasa kason laifin, zai ɗauki ciwon nan ɗungurungum ya kai shi gida na gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma da wuya a sami bangon da gefe ɗaya kawai ya tsage.

Rabon Yara

Hausawa kan ce igiyar aure uku ce, kuma a hannun miji take. Gaskiya ne. Amma akwai wata igiya ta huɗu da ba ta cikin lissafin, ita ce igiyar cibiya, wadda ta haɗa yaro da uwarsa, ta kuma haɗa shi da ubansa ta hanyar jini. Babu takardar da ke tsinka wannan. Mutum yana iya cewa wance tsohuwar matata ce, amma ba a taɓa jin wanda ya ce wance tsohuwar uwata ce ba.

Abin da fiƙihu ya tanada a nan ba ɓoyayye ba ne. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, littafin da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ya bayyana cewa riƙon yaro bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon ya koma ga kaka ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Ci da sha da tufafi kuwa suna wuyan uba duk inda yaron yake. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ma ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Amma al'ada ta zo ta ce ɗa na uba ne, da an yaye shi a kai shi gidansu. A wurare da yawa al'adar ce ta yi nasara, har wasu suna zaton ita ce addinin.

Zaluncin da ake yi wa yara a nan iri biyu ne, kuma ko da yake sun yi hannun riga, uwarsu ɗaya. Na farko shi ne ƙwace: uba ya karɓe yaro, ba don yana da lokacinsa ko mai kula da shi ba, sai don ya ƙona zuciyar uwar. Na biyu shi ne yasarwa: ya bar mata su duka, ya ɗauke hannunsa, ko ƙwayar hatsi ba ya aikawa, wai ta ɗanɗana ta ji. Balaraba Ramat Yakubu ta zana wannan hoto a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, inda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara bayan ya yi amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Da mai ƙwacewa da mai yasarwa, kowannensu ya mai da ɗansa bulalar dukan wata.

Yaron da ya bi uwarsa sabon gida sunansa agola, yana cin abinci yana kallon fuskar mai gida. Wanda ya zauna wurin uba yana hannun matar uba. Ba dukan matan uba ne miyagu ba, akwai waɗanda suka riƙi 'ya'yan wasu fiye da nasu, Allah ya saka musu. Amma ko ta kirki ce, an ɗora mata aikin da ba a shawarce ta a kansa ba. Akwai kuma yaron da babu wurinsa a ko'ina cikin gidajen biyu, sai a ɗora wa macen farantin talla, namijin a haɗa shi da wani malami mai tafiya, a kira abin neman ilimi alhali neman sararin ɗaki ne. Mu da ke zaune a kudancin ƙasar nan mun san wani ƙarin ciwo. Idan aure ya mutu a Sabo ta Ibadan ko a Agege, sau da yawa matar Arewa take komawa wurin iyayenta, tsakanin Legas da Kano kuwa tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. Abokina yana da lungun da zai ratsa ya ga inuwar uwarsa. Yaron zango sai ya yi shekaru bai ji ƙamshin zanenta ba.

Mafi muni duka shi ne zagi. Yaron Bahaushe yana iya jure mari da dungure, amma da wani ya ce masa "uwaka" a kan hanya sai ya tuɓe riga, ko da wanda ya faɗa ya fi shi ƙarfi. To, yaya zai yi idan mai zagin uwar tasa ubansa ne? Wa zai tuɓe wa riga? Haka nan uwar da duk lokacin da yaro ya yi laifi sai ta ce, "Mugun halin ubanka ne." Yaro ya san rabinsa uwa ne rabinsa uba. Duk wanda aka zaga a cikinsu, a jikinsa zagin ke sauka, ya kuma tashi yana jin cewa rabin jininsa abin kunya ne.

Hanzarin Uba

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Uba zai ce, "Ni ke ciyarwa, sunana yake amsawa, ni za a tambaya a kansa gobe kiyama. Yaya zan bar ɗana ya tashi a gidan wani ƙato, ko a hannun tsohuwar da ba ta iya tsawata masa?" Wannan magana tana da nauyi, kuma shari'a ba ta yi watsi da ita ba. Ta sa wa mai riƙo sharuɗɗa, irin su hankali da amana da wurin zama mai aminci, ta kuma bar wa uba walicci, wato lura da tarbiyya da karatu da aurarwa. Akwai kuma uwayen da su ma suke toshe hanya, su hana uba ganin ɗansa, su cusa wa yaro ƙiyayyarsa, su mai da kuɗin ciyarwa abin ciniki. Zalunci ba shi da jinsi.

Amma duk wanda ya ce don yaron yake yi, akwai ma'aunin da zai auna kansa da shi, tsohon ma'auni ne da Musulmi da Kirista duka suka sani. Mata biyu suka kawo ƙara gaban Annabi Sulaimanu a kan jariri ɗaya, kowace tana cewa nata ne. Da ya ce a kawo wuƙa a raba shi biyu, ɗaya ta yarda, ɗayar ta ce a bar wa abokiyar gardamarta shi da rai. Nan take ya gane uwar. Har gobe haka abin yake. Idan ana ja-in-ja a kan yaro, mai ƙaunarsa na gaskiya shi ne wanda ya fara sassauta hannu don kada yaron ya tsage. Riƙo haƙƙin yaro ne kafin ya zama haƙƙin kowa, ba kuma ganimar yaƙi ba ne da za a ba wanda ya fi ƙarfi.

Suturar Da Ta Kamata

Mu koma ga tambayarmu ta farko. Idan aure mamaci ne, suturarsa abu huɗu ce.

Na farko rufin asiri. Mai wankan gawa ba ya fitowa ya ba da labarin abin da ya gani. Mutanen da suka taɓa zama tufafin juna, bai dace su koma masu tallar aibin juna ba, a majalisa ne, ko a gidan biki, ko a wayar hannu da ta zama dandalin tonon silili a wannan zamani. Wanda ya rufa asirin matar da ya saka, asirin uwar 'ya'yansa ya rufa.

Na biyu biyan bashi. A bar mace ta yi iddarta a ɗakinta da cinta da shanta, a cika mata abin da ya rage na sadaki, a kuma raya sunnar nan da aka manta ta kyautar sallama, wadda malamai ke kira mut'a, wadda Malikiyya suka ce mustahabbi ce gwargwadon ƙarfin miji. Waliyyan da suka zauna aka ɗaura, su ne ya kamata su sake zama a kwance, a faɗi inda yara za su zauna, da abin da uba zai riƙa bayarwa, da ranakun ziyara, a rubuta a gaban shaidu. Abin da aka ɗaura a bainar jama'a bai kamata a kwance shi a cikin duhu ba.

Na uku kula da marayun auren. A gaya wa yaro gaskiya daidai da hankalinsa, a tabbatar masa ba shi ya jawo ba, domin yara da yawa sukan ɗauka rashin jinsu ne ya kori uwarsu. Kada a mai da shi ɗan aike ko ɗan leƙen asiri. A bar hanya a buɗe tsakanin gidajen biyu, ya je da rana tsaka, ya dawo ya faɗi abin da ya ci.

Na huɗu ta'aziyya, wannan kuwa aikin jama'a ne. Wanda aurensa ya mutu yana bukatar mai zuwa ya zauna kusa da shi, ba mai zuwa jin ƙwaƙwaf ba. 'Yan'uwan bazawara su sani cewa jari ko komawa makaranta ya fi mata amfani a kan gaggawar tura ta wani gida. Hukuma ma tana da nata kaso. Gwamnatin Jihar Kano, ta hannun Hukumar Hisba, ta fara auren zawarawa a 2012 da ma'aurata 100, a 2023 kuma ta aurar da 1,800. Wannan taimako ne, babu shakka. Sai dai ɗaura sabon aure ba ya biyan bashin tsohon. Ƙasar Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta gyara dokar iyalinta a 2004, ta sa saki a ƙarƙashin kulawar kotu, ta kuma wajabta wa miji ya ajiye haƙƙin mata da na yara a kotun kafin a rubuta sakin. Mu ma a Nijeriya Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce maslahar yaro ita ce gaba da komai a duk abin da ya shafe shi. Ka'idojin suna nan a littafin addini da na hukuma. Masu aiki da su ne suka yi ƙaranci.

Kammalawa

Kowa yana iya zama mutumin kirki ranar ɗaurin aure, domin ranar nan kirki ba ya cin kuɗi. Halin mutum na gaskiya sai ranar rabuwa ake ganinsa, sa'ad da zuciya ke tafasa, ga iko a hannu, ga kuma wanda ya san duk inda zai soka ya yi zafi. Wanda ya iya kyautatawa a wannan rana, auren ne kawai ya rasa, mutuncinsa da 'ya'yansa suna nan.

Kafin mu rabu da abokin nan nawa a Legas, ya gaya mini cewa shi ma aurensa na fari bai yi tsawon rai ba. Yara biyu ne tsakaninsu, suna wurin uwarsu, duk ƙarshen wata yana aika abin da ya sawwaƙa, da hutun makaranta kuma su zo wurinsa. Ya ce 'yan'uwansa sun sha ce masa sakarai, wai ya bar wa mace 'ya'ya. Na tambaye shi abin da yakan ce da su. Ya ce, "Ba na ce musu komai. Ni dai na yi wa Allah alkawari, ɗana ba zai goge bakinsa da ganye ba."

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya. Inda kuma zama ya gagara, ya ba mu ikon rabuwa da mutunci.